Giga 16 Sun Isa, In Ji Ni

A wani shagon sarin magunguna a Kano ana kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa har da gyara zaman hula. Aikin da aka ba ni shi ne in kwashe rumbun bayanan ciniki, wanda ke kan PostgreSQL, daga wata tsohuwar kwamfuta mai nishi zuwa sabuwar uwar garke. Alhaji mai shagon ya tambayi irin wadda za a saya. Na sa pg_dump ya fitar da kwafi, na ga giga 30, na bugi ƙirji na ce faifai mai giga 120 da ram mai giga 16 sun isa har jikoki su gada.

"Injiniya, ka tabbata? Kada ka ji tausayin aljihuna."

"Ranka ya daɗe, abin da ya wuce haka almubazzaranci ne."

Ashe kwafin nan a matse yake, kuma babu fihirisa ko ɗaya a cikinsa, sai umarnin sake gina su. Garin kwaki na auna a bushe, ban jira a zuba ruwa ba. Daren Asabar na fara lodi, bayanai suka dinga kumbura. Kwafin kansa a kan faifan na ajiye shi, ya cinye rubu'i tun ba a je ko'ina ba. Don nuna ƙwarewa kuma na kunna adana WAL, littafin da PostgreSQL ke rubuta kowane canji a ciki, shi ma a wuri ɗaya. Kafin asuba faifai ya cika maƙil, komai ya tsaya cak, sai janareta kaɗai ke aiki da gaskiya.

Lahadi na aro faifai na ƙarasa. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina.

Amma ina! Na ba shared_buffers giga 4, kwatar ram, kamar yadda jagorar manhajar ta ba da shawara. Sai na hangi work_mem, wanda asalinsa mega 4 ne kacal, na ce wannan ai rowa ce, na ɗaga shi zuwa giga guda. A zatona tulu ɗaya ne kowa ke ɗiba. Alhali kowace tambaya da za ta jera bayanai tana iya kama nata kason, wata ma ta kama biyu ko uku.

Litinin, ƙarshen wata, akanta da masu sito suka buɗe rahotanninsu a tare. Ram ta ƙare, Linux ya zaɓi aiki ɗaya ya kashe, PostgreSQL kuwa in aka yi wa ɗansa haka sai ya sallami kowa ya sake tashi. Masu kemis suka yi layi har bakin titi, yara na rubuta rasit da biro, ni ina zufa ina cewa matsalar intanet ce.

Wata 'yar bautar ƙasa da ke ɗakin lissafi ta leƙo, ta ce, "Yallaɓai, ko in duba?" Ta mayar da work_mem mega 32, ta koma kujerarta. Shago ya dawo hayyacinsa.

Don in wanke kaina na garzaya Farm Centre na sayo ƙarin ram da kuɗina. Na kwamfutar tebur na ɗauko, uwar garken kuwa mai ECC take karɓa, ko kunnuwa ta ƙi yi. Da na mayar, wanda ya sayar mini ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit: kayan da aka saya ba a dawo da su.