Ƙwallo Uku da Na Ci a Lambata

Majalisarmu tana gaban teburin wani mai shayi ne a Limawa, kuma duk wanda ke zama a cikinta yana da ƙungiyarsa a Ingila. Akwai 'yan Arsenal masu haƙurin dole, akwai 'yan Manchester, akwai 'yan Chelsea waɗanda tun da suka ɗauki kofin Zakarun Turai a watan Mayun 2021 ba su ƙara barin kowa ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ni kaɗai ne ɗan Niger Tornadoes, 'yan Ikon Allah, ƙungiyar garinmu Minna. Tun ina yaro nake leƙen filin Bako Kontagora ta kan katanga, kuma har gobe idan aka taɓa ni sai na tuna wa mutum cewa a 2000 mun doke Rangers ta Inugu da ci ɗaya mai ban haushi mun ɗauki kofin ƙalubale.

Shekarar 2019 ce ta karya mini gwiwa. A shekara guda muka faɗa 'yan dagaji, muka kuma je wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Kaduna, Kano Pillars ta doke mu a bugun fenariti, kamar yadda Akwa United ta yi mana a 2017. Sai korona ta zo ta cinye kakar da ta biyo baya. Saboda haka 2021 ta same mu muna nan a rukuni na biyu, inda aka raba ƙungiyoyi gida biyu, na Arewa da na Kudu, kowa yana haƙilon ya haura.

Wanda bai san 'yan dagaji ba, bari in gaya masa abin da ya fi ciwo: ba wanda ke ganinka. Mai gidan kallo zai tayar da janareta don wasan da ake yi a Landan, amma wasan da ake yi a jihar da ke maƙwabtaka da kai sai dai ka ji a bakin wanda ya je. 'Yan majalisarmu sun san wanda ya ji rauni a Chelsea da ranar da zai warke, amma ba su san ranar da ƙungiyar garinsu ke wasa ba. Wannan ne ya ba ni muƙami. Na zama mai kawo rahoto. Alhajin majalisa, dattijo mai sayar da kayan gini, wanda kishin gari ya motsa masa a ƙarshen rayuwa, ya ce zai riƙa biya mini kuɗin mota da na katin waya idan za a yi wasan waje, ni kuma in riƙa faɗa musu yadda ake ciki kai tsaye.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Kafin in tafi Alhaji ya ɗaga hannu gaban shaidu ya ce, "Duk ƙwallon da yaranmu suka ci, shayi da biredi da ƙwai a kaina, ga kowa." Ya faɗi haka ne don ya san cin ƙwallo a waje a wannan gasa sai an yi da gaske. Mai shayi ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ke nuna addu'ar ta fito daga zuci.

Na shiga wata bas wadda tun a tasha na ga yaron mota yana ɗura mata ruwa kamar mai shayar da raƙumi. Mun wuce Chanchaga lafiya, mun wuce Paiko tana tari. Muna isa Lambata ta yi wata ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya. Direba ya buɗe, ya leƙa, ya ciro fanbel a tsinke ya nuna mana kamar wanda ya kashe maciji. Ya ce minti goma. Ya hau babur neman bakanike da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kuma ƙarfe huɗu na yamma ta same mu a gindin mangwaro muna cin soyayyiyar doya da yaji.

Huɗu daidai waya ta yi ƙara.

"Kai yaro, an take?" in ji Alhaji. Ina jin yadda aka sa ni a lasifika, ina jin ƙarar cokali a kofi.

Nan ne ya kamata in ce, Alhaji, mota ta lalace. Kalma huɗu. Amma na tuna kuɗin motar da na karɓa, na tuna dariyar da 'yan Chelsea za su yi, sai na ji bakina ya ce, "An take, Alhaji, yanzun nan."

"To me ya sa ba na jin hayaniya?"

Na toshe wayar da tafin hannu na juya ga fasinjoji. Mutanen da suka yi awa biyar a gindin bishiya ba abin da ba za su yi ba don su rage zafi. Yaron mota ya sa yatsu biyu a baki ya zama alƙalin wasa. Wani ɗan kasuwa ya kifa jarka ya zama makaɗi. Mata masu doya da yaransu suka zama 'yan kallo, na koya musu cewa idan na ɗaga hannu su yi ihu, idan na sauke su yi tsaki.

Wallahi ban taɓa sanin ina da baiwa ba sai ranar. Na buga kwana, na daki turke, na kama satar gida, na ba wani jan kati don kawai ban ga dalilin da zai hana ba. Minti ashirin da farawa na ɗaga hannu, Lambata ta ɗauka, na kwarara ihu cewa ta shiga raga. Ta cikin waya na ji benci ya faɗi a Limawa, na ji mai shayi yana fasa ƙwai.

Da na tsaya a ɗaya, da wataƙila na tsira. Amma daɗin abin ya kwashe ni. Kafin hutun rabin lokaci na ƙara ta biyu, kuma duka biyun na ba wani ɗan wasan gaba da nake ƙauna, yaron da ke haya a bayan layinmu. Bayan an dawo na ƙara masa ta uku, da ka, daga nesa. Muryar Alhaji ta fara sanyi. Na ji yana tambaya a hankali mutum nawa ne yanzu a majalisar, aka ce masa labari ya bazu, har daga Unguwar Daji ana zuwa.

Ana saura minti goma in tashi wasa sai na ji wurin ya yi tsit. Irin shirun da ake yi idan baƙo ya yi sallama ana cikin gulmarsa.

"Yaro," in ji Alhaji, "wa ka ce ya ci mana ukun nan?"

Na maimaita sunan, har da kirari.

"Madalla. To ga shi nan ya sauko daga Keke da bandeji a gwiwa, ya zo sayen biredi. Bari in ba shi, yana so ya ji yadda ya ci ta ukun."

Yaron yana da ladabi, wannan ne ma ya fi kashe ni. Ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni sati biyu ke nan ban taɓa ƙwallo ba. Kuma wasan ai gobe ne, Lahadi."

Hannuna yana sama ban sani ba, sai mata masu doya suka sake ɗaukar ihu.

Direba ya dawo bayan magariba da fanbel wanda bai yi daidai ba. Na kwana a kan benci a Lambata, da safe na hau motar doya na koma Minna, na bi ta bayan gari na shiga gida. Uwargida ta ajiye mini abinci ta ce, "Sannu da dawowa, Maigida. An ce har da ka ka ci." Ban tanka ba.

Hukuncin majalisa bai ɗauki lokaci ba. Alhaji ya ce shi alkawarinsa a kan ƙwallon da yara suka ci ne, wanda na ci kuwa ni zan biya. Mai shayi ya buɗe mini shafi na musamman a littafin bashi, zagaye uku na shayi da biredi da ƙwai, har da na mutanen Unguwar Daji da ban taɓa gani ba. Aka kuma raɗa mini suna Gidan Rediyon Lambata.

A ƙarshen kakar aka tara ƙungiyoyi takwas a Inugu, huɗu suka haura babbar gasa: mu, da Gombe United, da Shooting Stars ta Ibadan, da Remo Stars. Ni na fara samun labari. Na taho a guje, takalmi a hannu, ina ihu cewa mun haura, mun bar 'yan dagaji. Ba wanda ya ɗaga kai. Alhaji ya kurɓi shayinsa ya ce a kira yaron nan mai bandeji a tambaye shi. Sai da ya tabbatar sannan aka yi murna, aka ɗaga shi sama, ni kuma mai shayi ya miƙo mini littafi in ga inda lissafina ya tsaya. Saura kuɗin ƙwai goma sha ɗaya.