Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Maɓallin "Auto"



Na rubuto maka ne, kai da ke kusurwarka cikin manhajojin editin bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve, a madadin ɗaliban aikin jarida da fim, waɗanda suka ɗauke ka uban gida. Alherinka ba ya ɓuya. Ɗalibi ya kwana yana editin, an ɗauke wuta, cajin kwamfuta saura ƙiris, malami kuma na jiran aiki da safe. Sai ya danna ka sau ɗaya, hoton da ya dushe ya farfaɗo. Ƙorafina ɗaya ne tak: kana cewa ba ka da ɓangare, alhali ma'aunin da kake aiki da shi gadonsa ka yi, kuma waɗanda suka bar maka shi ba da baƙar fata suka gwada shi ba.

Bari in tuna maka da kakanninka. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa aika wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, Shirley Page, don su saita injinansu da shi. In fuskarta ta fito daidai, to inji ya yi daidai, sauran bayin Allah kuwa su fito yadda suka ga dama. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada, wadda ta wallafa bincikenta a 2009, ta nuna cewa abin da ya sa kamfanin ya kula da launin ruwan ƙasa shi ne koken masu sayar da kayan katako da masu cakulan, don a talla ba a iya bambanta wannan katako da wancan. Kujera ta riga mutum samun adalci ke nan. Sai a 1995 aka fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban.

Na san amsarka: wannan labarin fim ɗin wanki ne, kai kuwa lissafi kake yi, lissafi kuma bai san ƙabila ba. Gaskiya ne, amma a duba me lissafin ya ɗauka tun kafin ya ga hoto. Galibi kakan nemi wuri mafi haske ka ce shi ne fari, mafi duhu ka ce shi ne baƙi, sauran ka ja su zuwa ruwan toka, kamar yadda ma'aunin hasken kyamara ke ɗaukar duniya a matsayin toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. To, ga ɗaliba ta ɗauki hira da wani dattijo a cikin birnin Kano. Yana sanye da farar babbar riga ta shadda mai ƙyalli, ya jingina da katangar jar ƙasa, rana ta take. Kyamara ta ga rigar ta tsorata, ta rage haske, fuskar ta nutse. Da aka kawo maka hoton, sai ka ga ja ya yi yawa, ka ɗauka kuskure ne, ka zuba shuɗi don ka kashe shi. Katanga ta koma launin siminti, ka kuma ɗaga inuwa da ƙarfin tsiya har goshin dattijon ya yi furu-furu kamar bai shafa mai ba. Babu inda lissafinka ya kuskure, tambayar ce tun farko ba ta wannan hoton ba. Haka kake yi wa hazon hunturu, ka share shi a matsayin datti, ko da rahoton ɗalibin a kan hazon ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maƙwabcinka a manhajar ya fi ka sani, amma ba ya talla. Ina nufin ma'aunin launi mai da'ira, bektoskop. Akwai wani siririn layi a cikinsa, tsakanin ja da rawaya, inda fatar ɗan Adam ke faɗawa, ta Bature da ta Bahaushe duka. Bambancinsu a yawan haske ne da kaurin launi. Ɗalibin da ya san wannan zai keɓe fuskar, ya dawo da ita kan layin, ya bar mata duhunta. Zai kuma gane cewa a ma'aunin launin haske, hasken rana wajen kelbin 5600 ne, ƙwan fitila mai ɗumi wajen 3200, kuma in sun haɗu a ɗaki ɗaya babu dannawa guda da za ta sasanta su. Wanda ya saba da kai ba ya koyon ko ɗaya daga ciki, don kana ba shi sakamako ba tare da dalili ba.

Za ka ce an gyara, kuma an yi ƙoƙari. A 2021 Google ya fitar da wayar Pixel 6 da tsarin Real Tone mai kula da launin fata, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin fata mai mataki 10 na Ellis Monk, malami a Jami'ar Harvard. Sai dai wannan shaida ce a kanka, don ba a ɗinke rigar da ba ta yage ba. Kuma tsohuwar kwamfuta da ɗalibi ya sayo hannu na biyu ba ta ji labarin gyaran ba tukuna.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce mutane da kansu ke so. Amarya takan ce wa mai bidiyo, "Don Allah ka ɗan haska ni," kuma wasu fastocin tallan fina-finan Kannywood sun nuna ana biya mata buƙata har da ƙari. A nan ba zan ɗora maka laifin duka ba. Amma haskawar da edita ya yi da saninsa, bisa buƙatar mai biya, shawara ce da za a iya gardama a kanta, a ce masa ya yi yawa. Taka kuwa tana zuwa da sunan "daidai", ɗalibi ya karɓa bai san an yanke hukunci ba.

Don haka ba korarka nake nema ba. Roƙona ka yarda malamai su kulle ka a zangon karatu na farko, har ɗalibi ya iya saita fari da takarda a gaban kyamara, ya iya karanta ma'auni. Bayan nan a sake ka, ka riƙa ba da shawara, shi kuma yana da ikon danna maɓallin fasawa.

Naka, bisa wannan sharaɗi,
Wani mai kishin ɗalibai