Jinjina ga Likitocin Bakin Layi

Duniya ta daɗe tana kukan ƙarancin likitoci, ashe ba a leƙa inda suke ba ne. Suna can jihar Filorida ta Amurka, a gidan wasan Disney da ke kusa da birnin Olando, tsaye a layin hawa lilo, kowanne da kofin lemo a hannu da hular kunnen ɓera a ka. Ba su san ƙofar makarantar likitanci ba, ba su taɓa rataya abin sauraren ƙirji ba, amma Allah ya hore musu abin da ya gagari manyan asibitoci: su dubi mutum daga nesa, kallo ɗaya, su faɗa maka ko ciwon gaske gare shi ko iskanci ne. Tubarkalla. Likitan asibiti sai ya ɗebi jini, ya tura ka hoto, ya ce ka dawo bayan mako biyu, wani ciwon ma a shekara ana lalube ba a gano sunansa ba. Su kuwa waɗannan bayin Allah, kafin layi ya sha kwana sun gama bincike, sun fitar da sakamako, sun karanta wa na kusa da su, kuma ko kwabo ba sa karɓa.

Fannin da suka fi gwanancewa a kai shi ne keke mai batir, wanda masu lalurar tafiya ke hawa. Ana bayar da hayarsa a bakin ƙofar shiga, ko mutum ya zo da nasa. Wurin da ake magana a kai ba ƙaramin fili ba ne. An buɗe shi a 1971, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 100, da manyan filayen wasa huɗu a ciki. Wanda ya wuni a ɗaya daga cikinsu, taka kilomita 10 ba wani abin labari ba ne a wajensa. Zagaya tafkin da ke filin Epcot kaɗai ya kusa kilomita 2. Da bazara zafi kan haura digiri 32, ga gumi mai danƙo, ga tsayuwar sa'a ɗaya ko biyu kafin a hau lilon minti uku. Duk wannan likitan bakin layi ya sani, tunda shi ma ƙafafunsa sun kumbura. Abin da ya sa ya fi sauran likitoci shi ne ƙa'idarsa guda ɗaya, wadda ba ta da togiya: duk wanda ya iya miƙewa tsaye, to ya iya kilomita 10.

Ga yadda aikin yake tafiya. Wata mata ce, ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, ta zo a kan kekenta, 'yarta tana biye. Ta ci kwalliya, har da jan baki, wanda shi kansa laifi ne, don mara lafiya na ƙwarai ba ya shafa jan baki. Ta tsayar da keken gaban babban ginin sarauta na filin Magic Kingdom, ta zare makulli, ta dafa kan keken ta miƙe, ta yi taku shida, ta rungume yarinyar aka ɗauke su hoto tana murmushi. Shi ke nan, asiri ya tonu. Likita ya zunguri matarsa da gwiwar hannu: "Kin gani ko? Ta warke. Ikon Allah!" Wani a baya ya riga ya zaro waya yana ɗauka, don ilimi ba a ɓoye shi. Da matar ta koma ta zauna, ta runtse ido, ta ɗan jima tana mayar da numfashi kafin ta murɗa makulli, likita bai gani ba, layi ya matsa gaba. Ko da ya gani ma, ai an riga an rufe fayil.

Masu son ɓata wa gwani suna za su ce akwai cututtukan da ba sa fitowa a fuska. Za su kawo maka cutar MS, wadda ke cinye rigar jijiyoyi, wadda zafi ke tayar da ita har ƙafa ta ƙi bin umarnin mai ita. Za su kawo wata da ke sa zuciya ta kama gudu da zarar mutum ya miƙe, in ya daɗe a tsaye ya yanke jiki ya faɗi. Za su ce mai ciwon zuciya, da mai ciwon huhu, da wanda ya fito daga jinyar ciwon daji wata biyu da suka wuce, duk suna iya taku shida, abin da ba za su iya ba shi ne taku dubu goma sha biyar. Mu ma a nan za a samu masu irin wannan gardama, saboda ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila, kuma kowa ya san gidan da yarinya ke wasa da safe lafiya lau, kafin la'asar tana birgima tana kiran ƙashinta. Zafin rana, ƙishirwa da gajiya su ne abokan tashin ciwon, kuma yakan cinye kan ƙashin ƙugu tun mutum yana saurayi. A Amurka akwai masu wannan ciwo kusan 100,000, kuma su ma suna da 'ya'yan da ke son ganin Mickey, ɓeran Disney. To, sai me? Duk wannan dogon turanci ne. Ciwon da bai iya nuna kansa ga baƙo a cikin daƙiƙa uku ba, laifinsa ne, shi ya zaɓi ɓuya.

Inda basirarsu ta fi burge ni shi ne kan masu ƙiba. A nan ko taku shidan ba sa jira. A 2008 kamfanin Pixar, wanda mallakar Disney ne, ya fitar da fim ɗin WALL-E, inda mutanen ƙarshen zamani suka yi ƙiba har suka manta tafiya, suna yawo a kan kujeru masu shawagi. Wannan fim ya zama babban littafin karatun likitocin bakin layi. Sun haddace cewa lalaci ne ya kawo ƙiba, ƙiba ta kawo keke. Cewa wani sai da gwiwa ta lalace ya daina motsi sannan jiki ya buɗe, ko cewa akwai magungunan da ke kumbura mai shan su, wannan ba ya cikin fim ɗin, saboda haka bai faru ba.

Adalci dai shi ne a yaba wa waɗanda suka samar wa likitocin nan aikin yi, don ba don su ba da sana'ar ta mutu. Ina nufin masu lafiya garau da ke hayar keken don ƙafarsu ta fi ta kowa daraja. Sannunku da ƙoƙari. Ga samarin da ke karɓa-karɓa, wannan ya hau ya ɗana, wancan ya karɓa, suna tsere tsakanin kekunan jarirai. Ga wanda ya ɗora jikoki biyu a cinya, ya bar ƙaramin yana tuƙi, alhali ba a ba wanda bai kai shekara 18 hayar keken ba. Ga jarumin Epcot, wanda ya ɗauki alkawarin sai ya kurɓi barasar kowace ƙasa a rumfunan ƙasashe 11 da ke kewaye da tafkin, kuma ya lura cewa a kan taya abin ya fi sauri. Agarar ƙafar mutane da yake bi ta kai, ai su ne ba su kauce ba. Abin da ya ƙara musu kwarjini a idona shi ne yawancinsu ko ribar da suke hange ba sa samu, domin galibin layukan gidan wasan na Filorida an gina su da faɗin da keke zai bi tare da kowa, ya jira kamar kowa. Mutum ya biya kuɗin haya, ya jawo wa marasa lafiya zagi, kuma ya tsaya a layin da ya gudu. Wannan sadaukarwa ce.

Amma sarautar fannin tana hannun wasu attajiran Manhatan. A watan Mayun 2013 jaridar New York Post ta ba da labarin iyaye masu hannu da shuni da ke hayar nakasasshe sukutum, ba kekensa kaɗai ba, ya shiga cikinsu a matsayin ɗan uwa. A lokacin, mai keke yana iya shiga ta ƙofar gefe tare da mutum shida. Farashin, a cewar jaridar, dala 130 a sa'a, ko 1,040 a wunin sa'a takwas. Dubi hikima. Shekara da shekaru ana wa'azin a jawo masu nakasa a jiki, a daina ware su, ga waɗanda suka amsa kira har suka mayar da su 'yan gida, daga safe zuwa magariba.

Sakamakon wannan zumunci bai ɓata lokaci ba. A watan Oktoban shekarar kamfanin Disney ya soke tsohon katin taimakon masu nakasa, ya kawo sabon tsari mai suna DAS: ba shiga nan take, sai a ba ka lokacin dawowa daidai da tsawon layin, ka je ka jira a inuwa. Iyayen yara masu lalurar otizim suka kai ƙara a 2014, suna cewa 'ya'yansu ba sa fahimtar "je ka dawo", kotu ta ba kamfanin gaskiya. Attajiran kuwa ba a ji wanda ya rasa barci a cikinsu ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, aka zubar da garin, waken ya koma Manhatan.

A 2024 aka sake ɗaure igiyar. Kamfanin ya ce masu amfani da DAS sun ninka fiye da sau uku a shekara biyar, kuma ba wanda zai rantse cewa duk na gaskiya ne, tunda har koya wa juna ake yi a intanet abin da za a faɗa a samu. Daga 20 ga Mayu a Filorida, da 18 ga Yuni a Disneyland ta Kalifoniya, aka taƙaita shi ga masu otizim da makamantansu. Sai an yi hira da kai, wanda aka kama da ƙarya kuma an hana shi shiga har abada. Mai ciwon hanji da ba ya iya riƙe bayan gida, da mai sumewa in ya daɗe a tsaye, da yawansu suka ji "a'a". Cikin hanyoyin da suka rage wa irinsu har da hawa keke. Ka ga tsari ya haɗu ke nan: a ofis a ce maka ciwonka bai kai ba, je ka hau keke, ka hau keke, a bakin layi a ce maka ciwonka bai kai na hawa keke ba.

Dokar ƙasar ma ta bar giɓin da sai likitocin nan ne ke cike shi. Dokar kare masu nakasa ta Amurka, wadda Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu a 1990, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, ba su yarda ma'aikaci ya tsare mai keke yana tambayarsa irin ciwonsa ba. Wai sirrinsa ne, wai mutuncinsa ne. Sakaci! Abin da doka ta hana ma'aikaci, ɗan sa-kai ya ɗauke mata. A Ingila kuma, tun 2016 filin jirgin saman Gatwick ya ɓullo da wata igiyar wuya koriya mai zanen furen sunfulawa, don mai ɓoyayyen ciwo ya rataya a gane shi ba sai ya yi bayani ba. Ta bazu ƙasashe da dama. Sai dai ba a neman takardar asibiti kafin a ba da ita, don haka likitan bakin layi ya riga ya gano cewa ita ma ƙarya ce.

Wanda yake son ganin ƙwararrun a ganiyar aikinsu, ya je tashar bas da dare, bayan an gama wasan wuta. Mutum ɗari sun yi cirko-cirko, yara sun yi barci a kafaɗa, kowa ya gaji har ba ya son jin sunansa. Bas ta iso. Direba ya rufe ƙofar gaba, ya sauke gadar baya, ya naɗe kujeru, ya shigar da mai keke, ya durƙusa yana ɗaure tayoyin da bel ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar ana kallo. Idanu ɗari biyu a kan mutum ɗaya, wanda ke ƙoƙarin juya keke da baya a wuri matsattse, hannu na rawa, ya bugi ƙarfe, ya sake gwadawa. A nan ake taron ƙoli na likitoci, kowa da tsakinsa. Ba wanda ya tsaya lissafin cewa bas ɗin keke biyu kawai take ɗauka, na uku sai ya jira wata, ko cewa wanda aka fara shigarwa shi ne na ƙarshen sauka. Lissafi aikin akawu ne, su likitoci ne.

Saboda haka shawarata ga marasa lafiya ita ce su daina wahalar da masana. In za ki je, bar jan bakin a gida. Kada ki yi dariya, ko yarinyar ta ba ki dariya. In kin zauna a keke kada ki kuskura ki tashi, ko da likitanki na asibiti ya ce ki riƙa motsa ƙafa, shi me ya sani? A naɗa bandeji ko ba rauni, a ɗan riƙa nishi lokaci-lokaci. In da hali a buga sakamakon gwajin jini a gaban riga, da manyan baƙaƙe, yadda na ƙarshen layi ba zai sha wahalar karantawa ba.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, akwai hanya mai tsabta. Tsallake layi a gidan wasan ba haramun ba ne, sayar da shi ake yi. Tsarin FastPass na kyauta ya tafi, a 2021 aka kawo na kuɗi, a ƙarshen 2024 kuma aka fito da Lightning Lane Premier Pass, wanda a lokacin a Magic Kingdom yakan kai dala 449 kan mutum ɗaya a rana ɗaya, ban da kuɗin shiga. Mai wannan tikiti yana wucewa da ƙafafunsa biyu lafiyayyu ta gaban mai sikila da mai ciwon zuciya da likitocin baki ɗaya, ba hira, ba bandeji, ba mai zaro waya. Likitocin sukan ɗan matsa gefe ma, kada lemonsu ya ɗiga masa a takalmi.