A Gaishe da Ingila, Mai Biyan Jini da Sunan Bariki

Duk wanda ya ce Turawan Ingila ba su san sakayya ba, bai zagaya barikokin sojan ƙasar nan ba ne. Ga barikin Dodan a Ikko, ga Arakan da Myohaung da Tamandu, ga Letmauk a Ibadan, ga Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ga Chindit a Zariya. Sunayen nan duk tsarabar ƙasar Bama ce, wadda yau ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka zubar da jini a yaƙin duniya na biyu. Wane tukuici ya wuce wannan? Kuɗi ƙarewa yake yi, gona fari ya cinye ta, amma suna a ƙofar bariki yana nan daram. Madalla da wannan hangen nesa.

A gaishe da Ingila saboda zumunci. Da Hitila ya auka wa Folan a watan Satumba na 1939, manomin Karaye bai san inda ƙasar take ba, ba shi da gona a can, ba a kuma taɓa masa ɗan akuya ba. Da wata uwargijiyar ce, da ta bar shi cikin jahilcinsa yana ta noman auduga da gyaɗa. Ita kuwa Ingila ba ta da rowa, sai ta gayyace shi ya zo a mutu tare. Shekara 36 kacal da ta fasa ganuwar Kano da igwa a 1903, ta amince masa ya ɗauki bindiga ya kare 'yanci. Ba nasa 'yancin ba, gaskiya ne, amma ai ba a fara koyon sana'a da kayan kai. Aikin kuma na sa kai ne tsantsa: Razdan ya faɗa wa Sarki adadin da ake so, Sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya dubi gidan da ba shi da mai tsaya masa. Da haka saurayi ke wayar gari ya ji ashe ya sa kansa.

Littattafan tarihi sun ce yaƙin ya juya ne a Stalingrad, da El Alamein ta Masar a ƙarshen 1942, da gaɓar Normandy a watan Yunin 1944. Sannunsu da taƙaitawa, don ba su wahalar da ɗalibi da ƙananan bayanai ba. Ina amfanin a gaya masa cewa tun daga 1940 jiragen yaƙi ana haɗa su ne a Takoradi, su tashi su biyo ta Kano da Maiduguri da Khartum kafin su kai Masar, har sama da jirgi 5,000? Ina amfanin ya san cewa birged ɗin Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta fafari sojan Italiya tafiyar mil kusan dubu har Harar ta Habasha cikin wata guda? Ai kunya ce ta hana a faɗa. Turawa sun san Bahaushe ba ya son a yabe shi a gaban idonsa, shi ya sa suka kiyaye masa al'adarsa, ba su yabe shi a gaba ba, ba su yabe shi a baya ba.

Sai babbar karramawa. A watan Fabrairun 1942 Japan ta ƙwace Singafo, ƙasar Malaya ta suɓuce, kuzar da Ingila ke samu daga can ta yanke, man girki ma ya yi wuya. Nan take aka tuna da mu. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, har da ƙasar Zazzau da ke maƙwabtaka da Rogo, aka kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Ingila kuwa tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 kan hana aikin tilas, saboda haka kada wani ya kira wannan bauta. Hutun canjin iska ne aka kai su. Waɗanda sanyin Filato da yunwa da ciwon ƙirji suka kashe, su ne ba su saba da ni'ima ba.

Wanda ya tsira a gida ma ba a manta da shi ba. An roƙe shi ya ƙara noman gyaɗa don a ci Hitila da yaƙi, kuma don kada ciniki ya gajiyar da shi, sai gwamnati ta ɗauke masa wahalar yanke farashi, ta yanke da kanta. Gishiri ya ɓace a kasuwa, kananzir ya yi tsada, yadi ya gagari mai iyali, haraji kuwa bai taɓa makara ba. A kan haka aka zagayo da asusun taimakon yaƙi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a 1939, tana kawo labarin nasarori. Wa ya taɓa ganin mulkin da ya koya wa talaka gudun duniya irin wannan?

A dajin Bama ne alherin ya cika ya tumbatsa. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, mutum wajen 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, aka tsallaka da su teku zuwa Indiya. Masana a Landan sun yi nazari mai zurfi, suka gano cewa tunda baƙar fata ne, to ɗan kurmi ne. Yaron da ya tashi a filin Allah na ƙasar Kano, inda ake hango kuka daga nesa, sai ga shi cikin surƙuƙin kwarin Kaladan a 1944, ruwa na zuba wata da watanni, matsattsaku na shan jininsa, zazzaɓi da atuni na jiran wanda harsashi ya kuskure. Inda mota ta kasa, inda alfadari ya tirje, an samu mafita mai sauƙi: dubban samarinmu aka ɗora wa harsasai da abinci a ka, da yawansu ba ko bindiga a hannu. Bataliya uku na sojan Nijeriya aka sauke su ta jirgin sama a bayan dagar Japan tare da mayaƙan Janar Wingate. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace Myohaung, tsohuwar hedkwatar Arakan. Duk da wannan, Ingila ta tausaya musu, ba ta ɗora wa ko ɗan Nijeriya ɗaya a cikinsu nauyin zama hafsa ba har yaƙin ya ƙare. Bulala kuwa, wadda aka daɗe da hana yi wa sojan Bature, an bar musu ita, don kada kewar gida ta dame su.

Ranar sallama aka yi rabo na adalci. Takardun gwamnatin Ingila da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna cewa farin soja marar igiya ana lissafa masa sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fatar Afirka mai irin matsayinsa sule uku da sisi. Lissafin daidai yake, ai kowa ya san harsashin Japan yakan duba launin fata kafin ya shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alkawarin da Churchill da Roosevelt suka yi a watan Agustan 1941, cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen masu mulkinta, bai yi wata biyu ba Churchill ya bayyana wa majalisarsu cewa ba da ƙasashen da Ingila ke mallaka ake ba. A yaba masa, bai bar mu cikin ruɗu ba. Kuma in an kwatanta da maƙwabciya, Ingila waliyyiya ce: a watan Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu wuta Faransa ta buɗe musu.

Gatsen ya isa haka, don maganar jinin mutane ce. Hitila azzalumi ne, kayar da shi alheri ne ga duniya, kuma kakanninmu suna da rabo a wannan nasara wanda ba mai ƙwace musu. Amma daular da ta yi yaƙi da masu fifita launin fata, ta kuma auna jinin sojanta da ma'aunin launin fata, ta ci amana, kuma bashin yana wuyanta har gobe. Mu ma muna da namu laifin. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, amma ɗalibi nawa ne a Karaye ko Rogo zai iya kawo sunan mutum ɗaya na garinsu da ya je Bama?

Kusan duk waɗanda suka je sun riga mu gidan gaskiya, sai dai 'ya'yansu da jikokinsu na nan, wasu da lambar yabo a ƙasan adaka. Ina kira ga masarautar Karaye, da hakimai da dagatai, da malaman tarihi na makarantunmu da na Jami'ar Bayero, su bi gida gida su rubuta sunan duk wanda aka ɗiba, da garinsu, da inda aka kai shi, da ko ya dawo. A ajiye a fada, a kai Gidan Makama, a koyar da yara. Waɗanda suka kwanta a Kaladan da Arakan da ramukan kuza, Allah ya jiƙansu, ya saka musu. Mu kuma da muke raye, mu tashi mu rubuta sunayensu tun masu tunawa ba su ƙare ba.