Kibiyar Kamfani da Kibiyar Gareji

Littafin gyara da kamfanonin mota ke bugawa yana ɗauke da wani zane mai kibiyoyi: in ka ga kaza bi nan, in ba haka ba koma can. Mota ta ƙi tashi? A fara da batir. Lafiyayye yakan nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, ya haura wajen 14 in inji na aiki. In bai haura ba, altanato ba ya caji. In batir lafiya lau, sai fis, sai kan batir da ya yi farin gari, sai wayar ƙasa.

Mai wayarin na gareji kuwa nasa zanen a ka yake, kuma gajere ne. Tambayar farko: "Alhaji, wa ya taɓa motar nan?" Ko me aka amsa, kibiya kan kik take sauka, daga nan a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa da kuɗin sayo sabo.

Tun 1996 motocin Amurka ke zuwa da ramin OBD-II, inda kwamfuta ke faɗin lambar ciwo. Ita ma takan zargi sensa, alhali ɓera ne ya ci waya. Fis ɗin nan mai arha dai, sau da yawa sai an sayi sabon kik ake tunawa da shi.