Mu da Kajinmu a Zongon Kumasi

Mu mutanen Zongo, ko ɗaki ɗaya muke haya sai mun nemi lungun da za mu kafa akurki. Ka zaga Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Akwatia Line, da wuya ka shiga gidan da babu kaji biyar ko goma suna tsattsagar ƙanzon tuwon zafi a tsakar gida. Kaza ita ce asusunmu. Ita ake kamawa idan baƙo ya sauka daga Tamale ko Bawku, ita ake sayarwa idan kuɗin makaranta ya taso, ita ake yanka wa mai jego.

Shi ya sa da hunturu ya kama a watan Disamba, hirar wurin mai koko da ƙosai takan koma ta kaji. Za ka ji wata na cewa, "Hajiya, ina kwana, yaya kajinki?" Ita kuwa ta amsa, "Ke dai bari, uku na tarar da asuba sun miƙe ƙafa." Nan take kowa ya ɗauka: "Ayya, sannu! Allah ya mayar da alheri." Wannan hali namu ina ƙaunarsa. Mun san wadda ta rasa kaza mai 'yan tsaki goma ta yi asarar da ta cancanci jaje, mun kuma san yaron da aka ce "wannan zakaran naka ne" sai an rarrashe shi kafin ya ci abinci.

Alamomin ciwon da ke kashe kajin kowa ya haddace su. Kaza ta takure, ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa bargo, kashinta ya koma kore-kore da fari, tana buɗe baki tana neman numfashi, wata wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiran ciwon Niyukasil, sunan wani birni a Ingila inda aka gano shi wajen 1926. Magani kuwa, kowane gida da nasa. Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci, Baba ya daka barkono ya zuba a kasko, wani ya fasa kafso mai ja da rawaya. Duk ƙoƙari ne, amma ƙwayar bairos ce ke kawo ciwon, kafso ba ya kashe ta. Wadda ta tashi, ƙarfin jikinta ne da kwananta da ke gaba.

Bara kaji goma sha ɗaya gare ni, cikin mako guda suka koma biyu. Da na zauna na yi tunani, sai na gano ƙofar da ciwon ya shigo: wani zakara ne mai araha da na sayo a kasuwa, na sake shi cikin sauran a ranar. To, haka muke yi kusan dukanmu. Lokacin Kirsimeti kaji da zabi suna kwararowa Kumasi daga ko'ina, ana cusa su keji ɗaya a kasuwa, mu kuma mu kwaso mu kawo gida. Wanda ya ga tasa ta fara gyangyaɗi sai ya yi maza ya sayar, asarar ta koma gidan ɗan'uwansa. Wadda ta fara shure-shure a ruga da wuƙa kada ta zama mushe, a watsar da hanji da gashin a tsakar gida, sauran kaji su bi suna tsattsaga. Wadda ta mutu a wurga ta kwata ko rafin Aboabo, kare ya ja ta zuwa wata unguwa.

Maƙwabta, haƙuri da ƙaddara wajibi ne, amma rigakafi ya fi magani. Akwai rigakafin da ake kira I-2, wanda ake ɗiga wa kaza ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan kamar wata huɗu. Yana da juriyar zafi fiye da irin na da, kuma ofishin likitocin dabbobi na gwamnati ne wurin tambayarsa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda. Mu da muka iya adashi, muka iya haɗa kuɗin suna da na biki, me zai hana gida goma su haɗa sidi kaɗan-kaɗan a ɗiga wa kajin layi gaba ɗaya tun a watan Nuwamba? Lafiyayyu ake ɗiga wa, domin ba ya tayar da wadda ta riga ta kwanta.

Sauran abin a hannunmu yake. Sabuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin 'yan gida. Marar lafiya a keɓe ta da kaskonta. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, a wanke hannu da sabulu, a share akurki a bar rana ta dake shi. Idan kuwa mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta shigo Ghana a 2007, ta sake dawowa a 2015 da 2021, ita kuma tana iya kama mutum.

Wadda annoba ta share wa akurki, kada mu tsaya ga "Allah ya mayar da alheri" kawai. Idan iska ta lafa, mai sagara biyu ta ba ta ɗaya ta sake kafa iri. Hajiya, Malam, hunturu na tafe: a yi maganar rigakafin nan yau bayan sallar la'asar.