Dariyar Bashi

Akwai wata irin dariya da nake kira dariyar bashi. Ita ce wadda mutum zai ga jama'a sun tuntsire, shi ma ya tuntsire har da buga ƙafa, da niyyar in ya koma gida zai zauna ya gano abin da ya ba shi dariyar. Yawanci ba a biyan wannan bashi. Mutum ya mutu da shi a wuya, magada ma ba su san da zamansa ba.

Abin da ya tuno mini da ita wani abokina ne, malamin makaranta, da ya je kos ƙasar waje ya dawo da sabon tabarau da wani ɗan siririn littafi. Ranar da ya kawo littafin majalisarmu ta bakin mai shayi, sai da ya share benci da hankici kafin ya ajiye shi. Sunan littafin Bored of the Rings, wato an gaji da zobba. Wasu tsofaffin ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Henry Beard da Douglas Kenney, suka rubuta shi, ya fito a 1969 da sunan mujallar barkwanci ta jami'ar, Harvard Lampoon, wadda ake bugawa tun 1876. Aikinsa guda ne: ya yi wa shahararren littafin J.R.R. Tolkien, The Lord of the Rings, shaƙiyanci tun daga bango har bango. Hatta taswirar da ke cikin na asali ba su ƙyale ba, sai da suka zana tasu.

Ga wanda bai san Tolkien ba, farfesa ne a Oxford ta Ingila, masanin tsofaffin harsuna, mutumin da ya fara ƙirƙiro harshe sannan ya nemo mutanen da za su yi magana da shi. Ya shafe kimanin shekara 12 yana rubuta labarin, daga 1937 zuwa 1949, aka buga shi juzu'i uku a 1954 da 1955, shafi sama da dubu. Labarin kuwa shi ne: an sami wani mugun zobe, ana so a kai shi wani dutse mai aman wuta a jefa. Shi ke nan. Amma daga ranar da aka damƙa wa Frodo, tauraron labarin, zoben zuwa ranar da ya ɗaga ƙafa ya bar gida, shekara 17 ce cur. Da ya isa inda manya suke, sai aka kira taro, kowa ya miƙe ya ba da tarihin kakansa na bakwai, daga ƙarshe aka kafa kwamiti mai mutum tara. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar ci gaban gari ya san wannan babi ko bai karanta ba. Bayan labari ya ƙare kuma farfesa ya ƙara rataye mai shafi fiye da ɗari, na sunayen sarakuna da kalanda da nahawu, don kada wani ya tashi da sauran ƙarfi.

Littafi irin wannan da kansa yake neman a tsokane shi, kamar mai babbar riga da ya ratsa ta gaban yara yana taku ɗai-ɗai. Kuma lokacin ya dace. Daga 1965, da aka fara sayar da shi da arha a Amurka, ɗaliban jami'a suka ɗauke shi tamkar guzurin lahira, suna rubuta a bangon tashoshin jirgin ƙasa cewa Frodo yana raye, kamar wani ya ce musu ya mutu.

Inda Beard da Kenney suka ci tuta shi ne sun san gidan da suke zagi. Wasan taubasai ne. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya tsokani Babarbare, daɗin abin yana cikin sanin juna ne. Baƙo in ya gwada sai ya sha mari. Su biyun nan sun haddace muryar Tolkien, irin jimlar nan tasa mai tafiya kamar ayarin raƙuma, mai jan sunan kogi da sunan wanda ya fara shan ruwansa. Sai su ɗauko ta da nauyinta da girmanta, su bi da ita a hankali, ana dab da isa fada su jefa ta cikin kwata. Wanda ya sha wahalar shafi dubu ɗin nan shi ne zai ji sanyin wannan ramuwa har cikin ƙashinsa.

Sannan ga halayen da suka juya. 'Yan gajerun mutanen nan na Tolkien, masu son cin abinci sau shida a rana in sun samu, marubucinsu ya nuna su da ƙauna. A nan sun koma zallar haɗamammu, ragwaye, matsorata, mazauna yankin da sunansa ma turken alade. Dattijon nan mai sanda da dogon gemu, wanda kowa ke jiran hikimarsa, ya zama ɗan dabo mai damfarar 'yan ƙauye. Jarumin da ke jiran gadon sarauta ya zama wawa mai tuntuɓe da takobinsa. Mahayan dare masu tsinka zuciya a kan aladu suke zuwa, mayaƙan dawaki kuma a kan tumaki. Dodon wutar da ya tare gada ya koma ɗan ƙwallon kwando. Wannan duk yana da rai har gobe, domin haɗama da tsoro da cika baki ba su san 1969 ba. Kowace unguwa tana da nata ɗan dabon mai gemu, kuma shi ake fara ba wa lasifika a wajen ɗaurin aure.

Na kuma yaba musu kan gaskiya guda. A gabatarwa suka faɗi ƙarara cewa kuɗi suke nema. Ni dai ban taɓa halartar ƙaddamar da littafi ba inda marubuci ya yarda da haka. Kullum don ciyar da al'umma gaba aka rubuta, ambulan kuma yana zagayawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Rabin barkwancin littafin a kan sunayen kayan kanti aka gina shi, kantin Amurka kuma na shekarun 1960. Frodo ya zama Frito, sunan soyayyen abin taɓawa na masara. Sam ya zama Spam, naman gwangwani. Wasu abokan Frodo biyu suka zama Moxie da Pepsi, lemon kwalba. Gandalf, dattijon nan mai sanda, ya zama Goodgulf, wani man fetur na kamfanin Gulf. Boromir ya zama Bromosel, daga sunan maganin ɓacin ciki. Saruman ya zama Serutan, maganin wankin ciki da ake tallarsa ga tsofaffi. Elrond ya zama Orlon, zaren roba. A 1969 yaron Boston zai ji sunan ya faɗi ƙasa, don jiya da daddare ya ga tallar a talabijin. Yau jikansa ma sai ya shiga intanet ya bincika. Barkwancin da sai an yi masa sharhi kuwa kamar tuwon da aka ɗumama sau uku ne: yana nan dai a kwano, amma ba mai miƙa hannu da sauri. Abin dariyar shi ne, littafin da aka rubuta don a yi wa farfesa dariya kan yawan rataye, yanzu shi ya fi na farfesan bukatar rataye.

Akwai kuma batsa, irin ta samarin da suka sami ɗaki ba babba a kusa. Wasu sunayen ba zan rubuta su a nan ba, don na san ƙarshen wannan shafi naɗe ƙosai ne, yara kuma suna karanta takardar ƙosai. A shafin farko ma sun saka wani ɗan guntun labari mai ɗaga hankalin samari, wai tsakure daga cikin littafin, wanda in ka bi littafin har ƙarshe ba za ka same shi ba. Wannan na yafe musu, don masu sayen littafi saboda shafin farko sun cancanci abin da ya same su. Abin da ban yafe ba shi ne gajiya. Sun zauna a kan juzu'in farko suna tsinkar sa gashi-gashi, da suka iso na biyu da na uku sai suka bi ta kai a guje, kamar tela a daren salla. Duk littafin bai kai shafi 200 ba, amma tun kafin ƙarshe za ka ji raha ta fara maimaita kanta, kamar maroƙin da kirarinsa ya ƙare ango bai fito ba.

Su dai marubutan ba su yi asara ba. A 1970 suka kafa mujallar National Lampoon tare da Robert Hoffman, Kenney ya shiga rubuta finafinan barkwanci irin su Animal House na 1978, kafin ya rasu a Hawaii a 1980. Tolkien ya riga shi, a 1973. Littafin nasu kuma bai daina fita ba. Duk lokacin da na asali ya tashi, shi ma sai ya tashi, musamman da finafinan da Peter Jackson ya yi na labarin suka fito daga 2001 zuwa 2003. Kaska ce a jikin sa: in san ya yi ƙiba ita ma ta yi.

Finafinan nan su suka haifar mana da wata sabuwar ƙabila, ta masu cewa "ai na karanta shi tun ina sakandare". Juzu'i ukun suna jere a falo, ledarsu ma ba a cire ba, amma ka kuskura ka yi wa Gandalf raha ka ga fushi, kai ka ce kawun mutum ka zaga. Ƙabila ta biyu su ne masu dariyar kwaikwayon abin da ba su san asalinsa ba. Waɗannan sun fi ban tausayi, domin bashi biyu ne a kansu.

Mu koma majalisa. Abokina ya buɗe littafi, ya gyara tabarau, ya karanto wani wuri da Turancin da ya sayo a kos. Da ya zo kan Serutan sai ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Alhajin da ke gefena, wanda Turancinsa bai wuce na cike takardar banki ba, ya bi shi. Sauran suka bi Alhaji, don shi ke biyan kuɗin ƙwai. Ni ma, Allah Ya gafarta mini, na bi sahu, har da share hawaye, alhali a ranar ban san Serutan daga sarautar Rano ba. Duk bayanin da na zayyana muku a sama, daga baya na yi ta tonon sa, mako biyu ina biyan bashi.

Mai shayi yana ta fifita wuta yana kallonmu. Da ƙura ta lafa ya ce, "Malam, don Allah a fassara mini, ni ma in samu rabona."

Abokina ya yi gyaran murya. "Ai ka ga, shi wannan Serutan ɗin, wato, suna ne."

"Na'am, sunan wa?"

"Sunan shi mutumin. Amma ba sunansa ba ne. In ka san ɗayan, sai ka ga wannan ya yi kama da shi." Ya juyo wajen Alhaji. "Ranka ya daɗe, ai kai ka gane."

Alhaji ya ce ya gane sarai, sai dai abin ba ya fassaruwa, sannan ya tuna yana da baƙo a gida.

Mai shayi ya jinjina kai, ya jawo littafinsa, wancan mai maiƙo da ke ƙarƙashin gwangwanin madara, ya lashi yatsa ya buɗe shafinmu.

"To Malam, tunda yau ranar karatu ce, ga nawa. Shi ba ya bukatar fassara."

Ba wanda ya yi dariya.